Biyun da Doyan Ya Ce Kar a Taɓa

Ni mutum ne mai murna, wannan kowa ya sani. In ka buɗe gurup ɗinmu na 'yan fizik ka tarar an jera hotunan wuta-wuta da tafi goma tun malam bai gama rubuta sanarwa ba, to babban yatsana ne. Abokai na ce mini ko gaisuwar mutuwa na tura sai an duba, kar a je na liƙa mata fuskar dariya. Shi ya sa har yau wasu ke ganin abin da ya same ni bara bai yi mini zafi ba. Wallahi ya yi. Lamba guda ta cinye mini tafiya waje, kuma ba ni na rubuta ta ba.

Lokacin ina shekarar ƙarshe ta mastar a Yamai. Memuwar ɗina, wato kundin binciken gama karatu, kan ƙarfe ne, baƙin ƙarfen nan da ake ƙera hauya da kalme, da inda ƙwayar gawayi ke samun wurin zama in ta shiga cikinshi. A shekarar sashenmu ya samu gurbi ɗaya tak a wani ɗakin bincike na ƙasar waje, shekara uku da burs, wato kuɗin karatu, ga wanda ya yi sutnans, ya kare aikinshi gaban malamai, a sesiyon ta farko, zagayen farko ke nan, da mansiyon mai kyau, wato babban maki. Mu biyu ne cikin tseren da gaske, ni da wata 'yar Tibiri 'yar promo ɗinmu, wato ajinmu. Kuma ba fariya ba, kowa ya san ni ke gaba.

Ga yadda aikin yake, don wanda bai taɓa zama amfi, zauren lacca, ba. Ƙarfe in ka bi shi ciki-ciki, ƙwayoyi ne 'yan mitsi-mitsi, atom muke ce musu, a jere, jeri ɗaya ana ta maimaita shi. Ka ɗauki kwalin sukari a ranka. Kusurwa takwas gare shi, ka ɗora ƙwaya bisa kowace. In ka tsaya nan, jeri na ɗaya ke nan. In ka ƙara ƙwaya a tsakiyar kowace fuska ta kwalin, fuska shida, na biyu ke nan. In ko ka bar fuskokin wayam, ka jefa ƙwaya guda can tsakiyar cikin kwalin, na uku. Lojisiyel ɗin kwamfuta da muke aiki da shi bai da ido, bai san ƙarfe ba, bai san tagulla ba. Kai za ka gaya mishi jerin, da lamba, a layi guda cikin fishiye, takardar umarni ta kwamfuta, shi ko shi hau lissafi. Abin haushin, ba shi gardama. Ka ba shi jerin da ba shi ne ba, sai shi ce to, shi lissafa maka har ƙarshe, shi miƙo maka sakamako mai kyan gani kamar katin biki.

Mu 'yan Arewa na sashen, mutanen yankin Dogon Dutsi, muna da abin da muke kira kilen gado. Wata 'yar kile ce ja, irin wadda ake cusa wa kwamfuta a adana aiki, murfinta ya daɗe da ɓacewa, an ɗaure ta da igiyar takalmi. Ta doyan ce, babban yayanmu, ɗan Gesheme, wanda ya fara shawo kan lojisiyel ɗin a cikin 'yan yankinmu. Shi ya tarbe ni ranar da na sauka Yamai da jakar buhu. Ya sa ni ɗakinsu a site, mazaunin ɗalibai, na yi wata huɗu ina kwana ƙasa bisa tabarma, ko sau ɗaya bai ɗaure mini fuska ba. Ni kuma na bi mishi layin abinci a resto, na dafa mishi shayi, na kai mishi guga. Haka tsarin yake, ba jiya aka fara ba, kuma ban taɓa jin nauyinshi ba.

Ranar da zai bar Yamai, an tura shi koyarwa wani lise, makarantar sakandare, can gabas, ya kira ni da 'yar Tibiri ya buɗe muna fishiyen. Kashi biyu ne. Na sama layuka ne kamar goma sha biyar, an yi musu shinge da taurari, an rubuta da manyan baƙaƙe: NE PAS TOUCHER, wato kar a taɓa. Na ƙasa layi uku ne.

Ya ce, “Ƙannena, saman nan wata shida na yi ina shan wuya kafin shi zauna. Wani ɗan'uwanku mai ƙaiƙayin hannu ya taɓa shi, mashin ta yi kwana uku tana zaginshi. Ku canza suna, ku canza nauyi, ku canza fishiyen ƙwaya, shi ke nan. Sama ko, ko da wasa.”

Munka ce, “To, doyan.”

Shi doyan kan tagulla ya yi aikinshi. 'Yar Tibiri sanholo anka ba ta, na tukwane. Ni ƙarfe. Na goge tagulla na buga ƙarfe, minti biyu na gama, har ina tsokanarta don ita da yatsa biyu take bugawa kamar sakataren meri, ofishin magajin gari. A layi na huɗu na saman akwai lamba biyu. Na gan ta. Sau ɗari na gan ta, yadda kake ganin lambar mitar gidanku kullum amma in an tambaye ka ba ka iya faɗi.

Da anka gama darussa, farkon bazara, na tattaro ordi ɗina, kwamfutar tawa, na dawo gida Dogon Dutsi, don lissafin ba ya son komai sai kuran, wutar lantarki, da haƙuri. Kuran ɗin gida ko ba abin yarda ba ne, ɗaukewa guda ta watsar maka da aikin yini. Sai na koma maƙerar kawuna, ƙanen innata, can bayan kasuwa. Maƙwabcinshi mai cajin waya shina da sola, ya yarda munka jawo waya ta saman katanga. Na ɗora ordi bisa tubali biyu don iska ta ratsa ƙasanta, na rataya jiƙaƙƙen buhu a gefe, na kunna mata ɗan banti, ƙaramar fanka. Ni da kaina ina zufa, ita ake wa fifita. Kawu na cewa tun da yake bai taɓa ganin baƙuwa mai son jiki irin wagga ba.

Kai, na yi murna a watannin nan. Ranar da kurba ta farko, layin zanen sakamakon, ta fito, ta sauka ta hau sumul kamar ƙwarya, ihun da na yi sai da mai cajin waya ya leƙo ko gobara ce. Na sa lojisiyel ya zana mini ƙwayoyin, shuɗaye masu ƙyalli, na ɗora hoton a profil ɗin wayata, na rubuta “ƙarfe ya ji jiki.” A fada da la'asar 'yan'uwa na zuba shayi suna ja na.

“Mutumina, wai ƙwallayen nan ne za su kai ka Turai?”

“Su ne fa. Ku ci gaba da ludo.”

“To in ka je ka turo muna ɗaya mu buga a fili.”

Ba wai ban ga alamu ba. Wurin da kowace ƙwaya ke ci ya ɗan gaza abin da ke cikin littafi. Na tura wa doyan, ya amsa da murya: “Normal ne, ƙane, ordi ɗinka ƙarama ce. Ci gaba.” Na ci gaba. Daga baya lissafi ya nuna ƙarfen nawa kusan bai da maganaɗisu. Maimakon in tsaya, sai daɗi ya kama ni, na ce na gano wani sabon abu. Shafi uku na cika ina bayani, da Faransanci mai maiƙo. Na tura wa malamin da ke duba aikina, ya maido da kalma guda a gefen shafi da jan biro: intéressant, wato abin sha'awa. Ita ma na ɗauki hotonta na ajiye. A gida innata ta fara shanya kuka da kuɓewa, ta daka yaji cike da gwangwanin madara, don an ce mata can ba miya.

Saura kwana tara a ajiye memuwar, ranar kasuwa, anka kawo wa kawu tarkace a amalanke. Shina tsugune shina tsinta da mayen ƙarfen da ya ciro daga tsohuwar rediyo, ya ɗaure da zare. Wanda ya manne, dama. Wanda bai manne ba, hagu. Ni kuma bakina bai iya zama shiru.

Na ce, “Kawu, ka san ƙarfen da ke cikin mashin ɗina wanga mayen naka bai kama shi?”

Ko ɗagowa bai yi ba. “To wuta shika ciki.”

“Wace wuta kuma? Lissafi ne.”

“Injiniya, tashi juya min zugazugi.”

Na kama hannun tayar keken da ke hura mishi wuta, ina juyawa ina dariya. Ya zaro guntun sifirin mota, ya taɓa shi da mayen, ƙas, ya manne. Ya ɓamɓare, ya cusa guntun cikin gawayi. Ya yi ja, ya wuce ja, ya koma kalar lemu mai haske. Ya fito da shi da awartaki, ya sako mayen ta zare daf da shi. Mayen ya yi ta lilo kamar bai taɓa saninshi ba. Ya yar da guntun ƙasa, munka tsaya kallo har hasken ya mutu, ya yi baƙi. Ya sake sako zaren. Ƙas.

Ya ce, “Ƙarhe biyu na. Na wuta da na sanyi. Na wuta shi aka lanƙwasawa, na sanyi shi aka noma da shi. Kai wane kaka karatu?”

Ya koma tsintarshi. Shi a wurinshi hira ce kawai.

Ni ko hannuna na nan bisa tayar, na daina juyawa. Wani darasi na shekara ta biyu ya faɗo mini, wanda na haddace daren jarrabawa na zubar da safe. Ƙarfe mai sanyi, na hauya, na ƙofa, na duniya duka, jeri na uku gare shi, ƙwaya guda a tsakiyar kwali. Sai ya sha wuta sosai yake komawa jeri na biyu. Maganaɗisun ma tun kafin nan yake sakin shi. Tagulla ce ke zaune a jeri na biyu, da zafi da sanyi.

Na je wurin ordi. Na buɗe fishiye, na sauka layi na huɗu. Biyu.

Na ciro waya na buɗe profil ɗina, na ja hoton da yatsa biyu ya girma, na ƙirga. Ƙwaya a fuskar gaba. Ƙwaya a fuskar sama. Ƙwaya a gefe. Tsakiyar kwali ba kowa. Wata biyu da rabi hoton na nan, 'yan fizik sun fi arba'in sun danna mishi zuciya, har da malam. Ba wanda ya ƙirga. Ni da na ɗora shi ma ban ƙirga ba.

Na kwafi fishiyen gefe, na tsallaka shingen taurari a karo na farko a rayuwata, na goge biyu na sa uku, na rage tsawon kwalin. Na danna maɓallin ina jiran zagin kwana uku. Ba zagi. Mashin ta karɓa lami lafiya. Kafin a kira la'asar ƙaramin lissafin ya fito, girman ƙwaya ya hau kan na littafi, maganaɗisu ya dawo cif. Ashe ba wani sabon abu da na gano. Wata uku ina auna ƙarfen da ke cikin wuta ina kiran shi hauya. Kuma duk manyan lissafin, na ƙwayar gawayi, su ne zuciyar memuwar, bisa wancan jerin na gina su. Sati goma sha ɗaya sunka ci a ordi ɗina. Ni kwana tara gare ni.

Na fita bayan rumfa na kira doyan.

“Ƙane! Mutanen Turai! An ɗaure jaka?”

“Doyan, ina wuni. Wata 'yar magana ce. Biyun nan ta layi na huɗu.”

Ina jin hayaniyar 'yan lise a bayanshi.

“Wa ya ce ka taɓa sama?”

“Doyan, ƙarfe uku ne. Biyu ta tagulla ce.”

“To ni ba tagulla na yi ba? Ni na ce ka rufe ido ka kwafa? Mastar kake fa, ba ɗan sizyem ba.”

Na buɗe baki in ce shi ya ce ko da wasa. Bakin ya ƙi. Mutumin da ka kwana ƙasan gadonshi wata huɗu, akwai kalmomin da ba su fita.

Sai ya sassauta murya. “Ji nan, kar ka ruɗe. Malaman juri ba mai buɗa aneks, shafukan ƙarshen nan da ake kwafe fishiye ciki, ni na san su. A takarda ka mai da biyun uku, ka ajiye abinka. In ka je can, ga manyan mashin, sati guda ka gyara, ba wanda ya ji. Kuma sunana kar shi fito cikin wagga magana, ka ji ko?”

Na ce, “Na ji, doyan.”

Ba zan yi muku ƙaryar waliyyi ba, na yi abin da ya ce. Washegari da hantsi na buɗe memuwar, na je aneks, na goge biyu na sa uku. Daƙiƙa guda. Har na ji iska ta shige ni. Sai na komo shafin farko, ga hoton ƙwallayena a bango, kowace fuska da tata. To, a canza hoto, wannan mai sauƙi ne. Na canza. Sai shafi ukun nan na maganaɗisu, waɗanda malam ya riga ya karanta ya yaba. In na cire su zai tambaya, in na bar su ƙarfe mai jeri na uku ba ya haka. Na tsallake, na ce zan dawo. Sai na iso babban tebur, gida ashirin da huɗu, kowane gida da lambar da mashin ta yi kwana da kwanaki tana nema. Duk na ƙarfen wuta ne. In dai zan ci gaba, sai in zauna in ƙago lamba ashirin da huɗu daga kaina, masu kama da gaskiya, in kuma riƙe su a gaban juri, in riƙe su a gaban mutanen can da sunka ce a turo musu fishiyoyin tare da dosiye, takardun neman gurbin. Yatsana da bai taɓa tsayawa ba ya tsaya bisa gida na farko. Da lamba guda ce kawai, wallahi da na ajiye. Ashirin da huɗu ne sunka fi ƙarfina, ba tsoron Allah ba, kuma wannan ma shina cikin abin da ke ci mini rai.

Da azahar na kira malam. Na shirya jawabi, amma da ya ɗauka sai na zubo shi a layi biyu.

Ya ce, “Maimaita.”

Na maimaita.

“Shekara biyar kana fizik, ba ka san jerin ƙarfe ba? Ƙarfe fa. Ba wani baƙon abu ba, ƙarfen da ke ƙofar ɗakinka.”

“Kuskure ne, Malam.”

“Wa ya ba ka fishiyen?”

Nan ne wurin. Sunan na bisa harshena. Na san in na faɗa ba zai dawo mini da sati goma sha ɗaya ba, amma aƙalla za a san ba ni kaɗai ne jakin ba.

Na ce, “Ni na rubuta shi, Malam.”

“To ka rubuta shirme. Ka sake daga farko. Sesiyon ta biyu.”

“Malam, gurbin fa?”

“Gurbi na wanda ya shirya ne.”

Ya kashe. Bai ambaci jan bironshi ba, ni ma ban tuna mishi ba. Hoton kalmar na nan cikin wayata, wani lokaci nakan buɗe in kalla don in ji haushi sabo.

A gida ban iya dogon bayani ba. Na ce wa innata tafiyar ta fasa, aikin ya samu matsala. Ta dube ni, ta ce, “Ba dai lafiyarka ba?” Na ce lafiya lau. Ta ce to alhamdu lillahi. Gwangwanin yajin ya sauko daga saman kwaba ya koma madafa, kukar da kuɓewar munka sha su miya duk daminar. Kowace loma na san ta ina aka yi niyyar ta bi.

Bayan kwana biyu na rubuta a gurup ɗin 'yan Arewa na sashen. Ban sa sunan kowa ba, ban sa ko fuska guda ba. Na ce duk mai aiki da kilen gado shi duba layi na huɗu, lambar ta danganta da abin da kake lissafawa, ga ma'anar ɗaya da biyu da uku. Ko minti biyar bai yi ba admin ya goge. Ya biyo ni ta gefe: “Haba ɗan'uwa, ana gyara babba a gaban yara? Kai ka yi gaggawa, kar ka shafa wa doyan.” Shi doyan tun ranar bai ƙara amsa mini saƙo ba. Shina karantawa, ina ganin alamar.

'Yar Tibiri ta yi sutnans, ta samu mansiyon, ta samu gurbin. Sanholo jeri na biyu gare shi, kamar tagulla. Biyun da ta kashe ni, ita daidai ta zo mata. Na tura mata wuta goma sha biyu da tafi, yatsan ya yi da kanshi kafin zuciya ta ce wani abu. Kuma a faɗi gaskiya, yarinyar ta yi aiki, ta fi ni zama bisa kujera. Ba ta ƙwace mini komai ba. Sai dai da ranar rabon suje, abin da kowa zai yi bincike a kai, an miƙa mini sanholo an miƙa mata ƙarfe, da yanzu ni ke can ina turo hoton dusar ƙanƙara, ban san mi biyu ke nufi ba har in mutu.

Tsakiyar damina, ina maƙera, lissafi na sati na biyar shina rarrafe don hadari ya hana sola cika, sai ga kiranta.

“Kana gari? Ina tasha, na je sallama gida, ina jiran motar Yamai. Zo mana.”

Na hau kabu-kabu na je. Tana zaune a bencin mai shayi da akwati sabo, ledarshi ma ba a cire ba. Munka gaisa, na tsokane ta da akwatin, ta rama da gemun da na bari. Sai ta gyara zama.

“Mutanen can sun turo mini tambayoyi kan fishiyena. Ɗaya wai mi ya sa na zaɓi biyu a layi na huɗu.”

“Mi kika ce musu?”

“Mi zan ce? In ce doyan ya ce kar a taɓa?” Ta yi 'yar dariya, ta daina. “Na ga saƙonka kafin a goge, ban kai ga karantawa ba. Don Allah nuna mini.”

Na roƙi mai shayi kwalin sukari wanda ya ƙare. Na ciro biro na ɗiga mata ɗigo a kusurwa takwas, na ɗiga ɗaya a tsakiyar kowace fuska. Na ce wannan naki ne, da na doyan, shi ne biyu. Na tsinci tsakuwa a ƙasa na jefa cikin kwalin, na rufe, na kaɗa mata a kunne. Na ce ki manta da ɗigon fuskokin, wanga da ke ƙara a ciki shi ne uku, shi ne nawa.

Ta juya kwalin, ta ɗauke shi hoto ta kowane gefe. “Ashe abin ba wuya.”

“Ba wuya.”

“Wallahi da ka yi shiru ba wanda zai gane.”

Ni ma na sha gaya wa kaina haka. Mota ta yi oda, 'yan kamasho sunka fara kiran Yamai. Ta zuge jaka ta ciro wani abu ta damƙa mini. Igiyar takalmi, jar kile.

“Doyan ya ce tun da kai ka rage, kai za ka miƙa wa na baya. Ya ce a miƙa ta yadda take.”

Wato bai iya amsa mini gaisuwa ba, amma ya iya aiko mini da aiki. Na sa ta aljihu. Na ɗaga mata akwatin har bakin mota, ta leƙo ta taga ta ce in gaida kawu.

Na koma maƙera da kwalin sukarin a hannu, na ajiye shi gefen ordi. Kawu ya nuna allon da haɓa.

“Wanga na sanyi na?”

“Na sanyi ne, kawu.”

“To madalla.”

Na cusa kilen, na buɗe fishiyen gado. Na goge taurarin da manyan baƙaƙen duka. A wurinsu na rubuta layi huɗu: ma'anar ɗaya, ma'anar biyu, ma'anar uku, sannan ka buɗe littafi ka duba jerin abinka kafin ka danna komai, ko wa ya ba ka wanga fishiye. Na san abin da za a ce a kaina, an ko ce. A taron 'yan Arewa na ƙarshen shekara ba wanda ya gaya mini ranar.

Na yi sutnans a sesiyon ta biyu, da ƙarfe mai sanyi, kowace lamba ta teburin tawa ce. Juri sunka ba ni mansiyon da ta fi tata. Malam ya miƙo mini hannu ya ce aiki ya yi kyau. Na tambaye shi ko bana ma akwai gurbi. Ya ce a'a, wancan ɗin sau ɗaya ne.